Tarihin Jos: Garin Da Kuza Ta Gina, Aka Bar Mutanensa Da Gardamar Mai Shi

 Na daɗe ina son in kawo 'yar tawa gudummawa a wannan fili na tarihi, to amma sha'anin kasuwa bai bar ni ba sai yanzu. Ni dai ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne, sai kuma abin da na tsinta a bakin dattawa da wanda idona ya gane mini.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata hira da aka yi a ƙofar masallaci bayan sallar lisha. Ana maganar sababbin unguwannin da mutanenmu ke ta sayen filaye a bayan gari, sai wani matashi ya ce: "Ai mu muka raya wurin nan, da can daji ne, babu wanda ya isa ya ce mana baƙi." Wallahi sai da gabana ya faɗi. Dalili kuwa, wannan magana ita ce na tashi ina ji a garinmu Jos, kuma na ga inda ta kai mu. A Gangare aka haife ni, a nan na yi wayo, a nan na yi aure, sa'an nan na baro garin a 2002 da 'yar jakata a hannu. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka bari in ba ku tarihin Jos kamar yadda yake, da abin da zai yi mana daɗi da wanda ba zai yi ba.

Kafin zuwan Turawa

Da farko dai mu sani, tsaunukan Filato ba kango ba ne kafin a gina Jos. Akwai mutane a kansu tun kaka da kakanni. A kewayen inda garin yake a yau akwai ƙabilu uku, watau Birom, da Anaguta, da Afizere waɗanda muke kira Jarawa. Suna noman acca da gero da gwaza, suna farauta, suna da dawakinsu da sarakunan gargajiyarsu. Lokacin jihadi mahayan Bauchi sun sha kawo hari gindin duwatsun, wasu ƙauyuka suka shiga amana suna ba da gaisuwa, wasu kuma aka kama mutanensu bayi. Amma can saman tudun, musamman ƙasar Birom, tutar Bauchi ba ta taɓa kafuwa ba. Wannan abu mutanen ƙasar ba su manta da shi ba, da shi suke alfahari har gobe.

Ita kuwa kuza, Hausawa sun san ta tun kafin Bature. Maƙeran Liruwai sukan wanke ta daga yashin rafuka, su narka ta, su zuba ta sirara kamar tsinken tsintsiya, fatake su kai kasuwanni. Irin waɗannan tsinkaye ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa, suka shiga bin sawu har suka gano inda take fitowa.

Yadda garin ya tsiro

Wajen 1903 zuwa 1904 wani Bature da ake kira Kanar Laws ya hau tudun da rakiyar sojoji, ya kafa sansani a Naraguta kusa da rafin Dilimi. Ƙauyukan da suka ƙi yarda aka ci su da bindiga. Kafin a ce kwabo labari ya kai Ingila, daga 1909 kamfanoni suka yi ta tururuwa, kowa na neman a yanka masa fili.

To haƙar kuza aiki ne na hannu, sai da dubban mutane masu diga da shebur da kwano a ka. Mutanen ƙasar kuwa a farko ba su ga dalilin barin gonakinsu su je su yi wa wani lebura ba, sai daga baya da haraji ya matsa musu. Nan fa kamfanoni suka juya ga ƙasar Hausa da Barno. Leburori suka yi ta zuwa daga Kano da Zariya da Katsina da Bauchi, a bayansu ga mahauta, ga masu jakuna da hatsi, ga 'yan koli, ga masu tuwo, ga malamai da almajiransu. Daga Kudu kuma Yarbawa da Ibo da Urhobo suka zo aikin akawu da kafinta da kanikanci da tireda. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso har Bukuru. A 1915 aka shata garin Jos aka fitar da tituna. A 1927 babban layin dogo ya iso ta Kafanchan. Cikin shekara ashirin da 'yan kai, wurin da yake gonaki da 'yan bukkoki ya zama birni mai tasha da kantuna da kotu da asibiti, har da wutar lantarki da ake samu daga ruwan Kurra tun garuruwa da yawa suna kwana da fitilar aci-bal-bal.

Duk wanda ya bi sunayen barikokin kuza zai gane harshen waɗanda suka fara kwana a cikinsu: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Sabon Gidan Kanar, Mai Adiko, Kuru Ƙarama. Wannan ita ce hujjar da Jasawa, watau Hausawan Jos, suke riƙe da ita, kuma ba ƙarya ba ce. Da guminsu aka gina garin.

Kakana yana cikin waɗanda suka zo ba da son ransu ba. A 1942, da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai gwamnati ta sa doka a ɗebo mutane ƙarfi da yaji daga lardunan Arewa. Abin da aka kira diban gwamna ke nan, an yi shi har 1944. Dagatai suka riƙa ba da mutane, aka kawo su cikin sanyin Filato babu bargo babu isasshen abinci, da yawa suka mutu. A 1943 kuzar da aka haƙa ta kai kimanin tan 17,000, ba a taɓa samun kamarta ba. Kakana ya tsira da ransa, ya ga babu abin da zai koma ya tarar a ƙauyensu na ƙasar Kano, sai ya zauna ya kama sayar da hatsi. Irinsa suna da yawa.

Abin da masu ƙasa suka gani

Yanzu kuma mu juya mu tsaya inda Birom yake tsaye, mu duba da idonsa. Dokar Turawa ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. Sai a wayi gari a ga an kafa turaku a gonar mutum, an ba kamfani haya, shi kuma a ba shi 'yan sulalla na amfanin gonar da aka ɓata. Fadamu masu kyau su aka fi tonewa, domin a nan kuzar take kwanciya. Aka sare itatuwa aka yi makamashi. Da aka gama aka bar musu tulin jar ƙasa da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi, waɗanda har yau suke cin yara da dabbobi. Ribar ta tafi Landan. Ɗan abin da ya zuba a ƙasa, watau cinikin hatsi da nama da tufafi da kwangilar leburori, ya faɗa hannun baƙi. Mai ƙasa ya zama shi ne mai kawo itace da ciyawa kasuwa a ka.

Daɗin daɗawa, ga raini. Turawa a takardunsu suna kiran mutanen da sunan marasa addini, mu kuma muna ce musu arna, har bayan da mafi yawansu suka zama Kirista suna karanta littafinsu da Hausa. Ina yaro na sha jin wannan kalma a bakin manya, ana faɗinta a gaban mai ita kamar ba komai. Ashe ana ajiye ta a zuci.

Sarauta biyu a gari ɗaya

Babban kuskuren da aka tafka yana wajen sarauta. Turawa sun saba da mulki ta hannun sarakuna, da suka zo Filato ba su tarar da babban sarki guda ba, sai suka sa yankin ƙarƙashin Lardin Bauchi, aka turo wakilai daga can. Garin kansa aka raba shi biyu: ɓangaren Turawa da ma'aikata yana hannun jami'in Bature, ɓangaren 'yan ƙasa kuma yana hannun shugaba Bahaushe da alƙalinsa. Jasawa suna lissafa jerin mutanen da suka riƙe wannan kujera, suna kiran su Sarakunan Jos. Su kuma Birom da Anaguta da Afizere suna cewa waɗannan sarakunan Hausawa ne kurum, irin Sarkin Hausawan da ake yi a kowane zango, mutane suke mulka ba ƙasa ba.

A 1926 aka cire yankin daga Bauchi aka yi Lardin Filato. Daga nan Turawa suka sake shawara, suka fara tattara ƙauyukan Birom wuri guda. A 1947 aka naɗa wani malamin makaranta, Rwang Pam, ya zama Sarkin Birom, daga baya kuma aka sa garin Jos ƙarƙashinsa. Wannan ita ce sarautar da ake kira Gbong Gwom Jos. Shugaban Hausawa aka mai da shi Magajin Gari. Watau dai Bature ya ba wannan da hannun dama, ya karɓe ya ba wancan da hannun hagu, bai tara su ya ce ga iyakar kowa ba, ya kama hanya ya tafi a 1960.

A Islamiyya an karantar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan bashi ta sauka, a rubuta shi kuma a kafa shaidu. Duk ɗan kasuwa ya san dalili. Cinikin da aka yi da baki, ranar da aka ɓata kowa da lissafin da zai kawo, kuma kowa zai rantse a kan nasa. Haka aka yi da Jos. Wannan na cewa ƙasar kakana ce, gaskiya ya faɗa. Wancan na cewa kakana ya gina garin, shi ma gaskiya ya faɗa. Ba a taɓa zama an haɗa maganganun biyu a takarda ɗaya da kowa ya yarda da ita ba.

Duk da haka an zauna lafiya shekaru masu yawa. Abin lura ma, faɗan farko mai girma da aka yi a Jos, na 1945, tsakanin baƙo da baƙo ne, Hausawa da Ibo, kuma a kasuwa ya tashi. A 1966 ma Ibo ne abin ya faɗa wa, aka kashe da dama, saura suka gudu suka bar gidaje da rumfuna. Amma tsakaninmu da mutanen ƙasa, ni dai na tashi na ga ana cuɗanya. Da Kirsimeti a kawo mana shinkafa, da Sallah mu kai nama. Mahaifina yana da abokin ciniki Birom daga wajen Vom wanda yake kawo masa acca, in dare ya yi masa a zaurenmu yake kwana. Garin da ya zama hedkwatar manyan coci-coci irin su ECWA da COCIN, a cikinsa ne kuma Shaihu Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a 1978. Kowa na harkarsa.

Kuza ta ƙare, takarda ta zo

Me ya sauya? Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, abincin ya ragu. Tun shekarun 1970 kuzar da ke kusa da sama ta fara ƙarewa, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sa'an nan a 1985 farashinta ya rushe a kasuwar duniya. Kamfanoni suka rufe, leburorin bariki suka kwararo cikin gari. Na biyu, gwamnati ta zama ita ce babbar saniyar tatsa. A 1967 Jos ta zama hedkwatar Jihar Binuwai-Filato, a 1976 ta zama ta Jihar Filato. 'Ya'yan ƙasa waɗanda suka yi karatu a makarantun mishan irin na Gindiri suka cika ofisoshi. Iyayenmu kuwa sun guji waɗannan makarantu don tsoron addinin 'ya'yansu, muka tsaya a kasuwa da tasha. Aka wayi gari mulki na hannun wasu, ciniki na hannun wasu, kowa na hangen abin da ke hannun ɗan'uwansa.

Ana nan sai ga maganar ɗan asalin ƙasa, abin da muke kira indijin. Tsarin mulkin 1979 ya kawo ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, na 1999 ya maimaita ta. Nufin abin mai kyau ne, don kada wasu su cinye komai. To amma tsarin mulkin da ya ce ɗan Nijeriya yana da ikon zama da mallakar gida ko'ina, ya kuma hana nuna bambanci, shi ne kuma ya ce minista sai ɗan asalin jiha, bai fayyace shekara nawa mutum zai yi a wuri ya zama ɗan asali ba. Aka bar hukuncin a hannun ƙananan hukumomi, su ke ba da takardar. Ita kuwa takardar nan da ita ake shiga soja da ɗan sanda, da ita ake samun aikin gwamnati da gurbin jami'a da tallafin karatu. Kun ga ke nan duk wanda ya hau kujerar shugaban ƙaramar hukuma, alƙalamin da ke yanke wa 'ya'yan mutane gaba yana hannunsa.

A 1991 gwamnatin Janar Babangida ta raba Ƙaramar Hukumar Jos, aka yi Jos ta Arewa da Jos ta Kudu. Jos ta Arewa ta ƙunshi tsakiyar gari inda Hausawa suka fi yawa, da babbar kasuwa, da fadar Gbong Gwom kanta. Mu muka yi murna, muka ce an share mana hawaye, kuma a zaɓen da ya biyo baya Bahaushe, Sama'ila Muhammad, ya ci kujerar. Su kuwa mutanen ƙasa suka ɗauka an yanke zuciyar garinsu an miƙa wa baƙi. Daga ranar aka ɗaura damarar da har yau ba a kwance ba.

Shekarun jini

A watan Afrilu na 1994 gwamnan soja ya naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo na Jos ta Arewa. Mutanen ƙasa suka yi zanga-zanga, aka dakatar da naɗin, mu ma muka fito tamu. Ran 12 ga wata aka yi arangama, aka rasa rayuka, aka ƙona wurare. Aka kafa kwamitin Mai Shari'a Fiberesima ya yi bincike, rahoton ya kwanta a durowa.

Bayan komawa mulkin farar hula a 1999, samun takardar indijin ya zama da wuya ƙwarai ga Jasawa, ana ce musu su koma garuruwan kakanninsu su karɓo. To mutum irina, wanda ko ƙofar gidan kakansa a ƙauye bai sani ba, ina zai dosa? A 2001 aka sake naɗa wani Bahaushe, Alhaji Mukhtar Muhammad, jami'in shirin yaƙi da talauci na Jos ta Arewa, gari ya ɗauki zafi, takardun barazana suna yawo ta kowane ɓangare. Ranar Juma'a 7 ga Satumba, a unguwar Kwango-Rasha, gardama ta tashi a kan wata mata Kirista da ta zo wucewa ta hanyar da aka tare don salla. Ruwa ba ya tsami banza, wannan dai ashana ce kawai aka ƙyasta. Cikin ƙasa da mako guda an kashe mutum wajen 1,000, Musulmi da Kirista. Duniya ba ta ma ji sosai ba, saboda a makon ne aka kai harin 11 ga Satumba a Amurka.

A watan Fabrairu na 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone ƙurmus cikin dare. Kasuwa ce da babu irinta a wannan yanki, Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Birom kowa da rumfarsa. Tawa rumfar atamfa tana ciki. Da safe na je na tsaya ina kallon hayaƙi, kusa da ni wata mata Kirista mai sayar da kwanuka tana kuka, babu wanda ya iya ce wa wani sannu. Abin da ya kawo ni Ibadan ke nan. An shafe fiye da shekara ashirin ba a sake gina kasuwar ba. Ko a 2022 da aka yi yunƙurin gina ta da kuɗin wani bankin Musulunci, gardamar addini ce ta tashi, maganar ta mutu.

Daga nan wutar ta bazu ƙauyuka. A 2004, bayan kashe-kashen Yalwan Shandam, Shugaba Obasanjo ya sa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye na wata shida. Taron zaman lafiya da aka yi a shekarar ya tsayar da cewa Birom da Anaguta da Afizere su ne 'yan asalin Jos, wakilan Jasawa suka ƙi amincewa. A ƙarshen Nuwamba na 2008 aka yi zaɓen Jos ta Arewa, rikici ya ɓarke tun ba a faɗi sakamako ba, cikin kwana biyu mutum aƙalla 700 suka mutu. A Janairu na 2010 aka sake, a Kuru Ƙarama kaɗai an kashe Musulmi aƙalla 150, wasu aka jefa gawarwakinsu cikin rijiyoyi. A ran 7 ga Maris na shekarar aka dira wa Dogo Nahawa cikin dare, aka kashe ɗaruruwan Birom, mafi yawansu mata da yara. Wanda duk ya ba ku labarin ɗaya daga cikin waɗannan biyu ya ɓoye ɗayan, bai gaya muku gaskiya ba.

Sakamakon shi ne gari ya tsage. Musulmi suka tattara a Gangare da Unguwar Rogo da Rikkos da hanyar Bauchi, Kirista suka koma Unguwar Rukuba da Jenta da Kabong da Gada Biyu. Mutane suka yi musayar gidaje, wasu suka sayar a wulaƙance. Yara suka tashi ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ɗan abokin mahaifina na Vom har yanzu muna ciniki, shi ke haɗa mini dankalin Turawa ana ɗoro mini a mota. Amma rabon da wani daga gidansu ya kwana a zaurenmu tun kafin 2001.

Abin da ya shafe mu a nan

Wani zai ce ai Jos daban, nan daban. Haka ne, Sabon Ibadan tun 1916 take, kuma ba mu taɓa neman sarautar Olubadan ba. Amma mun ga Shagamu a 1999, mun ga Idi Araba a 2002, mun ga Mile 12 a 2016, mun ga Ile-Ife a 2017, ga kuma Shasha a nan ƙofar gidanmu a Fabrairun 2021. Sa'an nan ku dubi yadda garuruwa ke tsirowa cikin 'yan shekaru a hanyar Ikko wajen Mowe da Ibafo, ko Mararraba da Masaka a gefen Abuja. Gona ce jiya, yau unguwa, baƙi sun ninka masu wuri, kuma ba a zauna an yi magana ba. Haka Jos ta faro.

Shawarata ta farko, mu cire kalmar nan ta "daji muka tarar" daga bakinmu. Dajin da ka gani gonar wani ce da ya bari ta huta, ko wurin farautarsu, ko makabartar kakanninsu. Faɗin haka ba ya ƙara maka ko taƙi ɗaya, sai dai ya sa mai wurin ya fara nadamar sayar maka. Haka nan sunayen raini da muke kiran mutane da su, a bar su, ko a cikin gida, domin yara suna ji.

Ta biyu, a rubuta komai. Wanda zai sayi fili ya tabbatar da dangin da ke da shi, a sa hannu gaban Baale da shaidu na ɓangare biyu, a bi takardun gwamnati har ƙarshe. Filin masallaci da na makabarta da na kasuwa su suka fi bukatar wannan. In za a tare hanya ran Juma'a, a nemi yardar maƙwabta da hukuma tukuna, a kuma bar wa mai wucewa gefe.

Ta uku, shugabanninmu su san iyakar rawaninsu. Sarkin Hausawa uban mutanensa ne, ƙasa kuwa tana da masu ita, a kai musu gaisuwa a lokacin daɗi don a sami fuskar zuwa a lokacin wuya. Wannan ba ya hana mu neman haƙƙinmu. Muna biyan haraji, muna da ƙuri'a, 'ya'yanmu a nan aka haife su, kuma ya kamata ƙungiyoyinmu su sa baki a duk lokacin da ake gyaran tsarin mulki, a nemi a ba wanda aka haifa a wuri ko ya daɗe a cikinsa matsayi bayyananne. Amma in za mu nemi haka, mu yarda a yi wa Ibo da Bayaraben da aka haifa a Sabon Garin Kano ko na Zariya irinsa. Abin da ba za mu iya bayarwa a gida ba, da wuya mu karɓe shi a garin wasu.

Ta huɗu, a sa yara makaranta, ta addini da ta boko, su kuma iya Yarbanci. Rashin boko ne ya bar iyayenmu a Jos suna kallo ana rubuta takardun da suka shafi rayuwarsu ba su a wurin. Kuma kada mu yarda kasuwa ta rabu gida biyu. Muddin rumfarka na jikin ta Bayarabe, in wuta ta tashi tare za ku ɗebo ruwa.

Shi kuma matashin da ya yi waccan magana a ƙofar masallaci, na kira shi gefe na ba shi wannan labari. Ya ce mini, "Baba, ai ban san haka abin yake ba." Na ce masa mu ma da muke shekarunsa ba mu sani ba, kuma babu wanda ya zaunar da mu ya gaya mana.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri, Ya zaunar da Jos da nan inda muke lafiya. Wanda ya san wani abu daga tarihin zangonsu, ya rubuto mu ƙaru.